Rabin Majanyi

A shekarar korona, lokacin da aka ce kowa ya rufe baki da hanci, babu wanda dokar ta yi wa daɗi a Tasawa kamar Muddassir. Ƴan kasuwa na tsaki, ƴan kabu-kabu na rataye takunkuminsu a haɓa sai sun hango jandarma su ja shi sama, tsofaffi na cewa su dai a saninsu jaki ake sa wa takunkumi. Shi kuwa Muddassir, ranar da ya fara ɗaura nasa, shuɗi fes irin na likitoci, ya ɗora tabarau da hular hana-salla, sai da ya tsaya gaban madubin wani moto, wato babur, ya ƙare wa kansa kallo. Zanen da wanzamin ƙauyensu ya yi masa a kumatu tun yana ɗan kwana bakwai ya ɓace ɓat. Mutumin da ya gani a madubin zai iya zama ɗan kowa, daga ko'ina.

Aikin wata uku ya samu a wani furoje na agaji mai raba wa tsofaffin ƙauye sabulu da bokiti da ɗan hatsi. Su uku ne a tawagarsu. Akwai Isma'il, ɗan wani babban ɗan kasuwa, wanda in bai yi wa mutum ba'a ba abinci ba ya faɗa masa. Akwai Sakina, wadda ta yi karatu a Yamai, wadda kuma saboda ita Muddassir yake yi wa rigarsa guga sau biyu. Wata rana suna hira a buro, wato ofishinsu, Sakina ta tambaye shi inda mahaifiyarsa take. Amsar fa ba ta da wuya: tana Garin Jibo, can bayan Maijirgi, tana noman gyaɗa a ƴar gonarta. Amma sai ya ji bakinsa ya ce, "Hajiya tana Mayahi, tana ɗan taɓa harkar atamfa." Bai shirya ƙaryar ba. Fitowa ta yi, kuma da ya ga ta zauna daram sai ya bar ta.

Muddassir ɗan fari ne, kuma Inna, mahaifiyarsa, mace ce irin ta da. Shekara ashirin da takwas ke nan ba ta taɓa kama sunansa ba. "Yaron nan" ne, ko "wancan". In ya zo gida ba ta kallon fuskarsa, sai ta riƙa yi wa kaji magana alhali da shi take. Amma duk lokacin da ya shiga ɗakinsa zai tarar da ƙwaryar fura rufe da faifai, mai nonon da ya fi na kowa kauri. Haka ƙaunarsu take, ba a faɗa.

Shi ma bai taɓa kama nata ba. Yana aji biyar a lakwal, wato makarantar boko, ta Maijirgi, malaminsu da suke ce wa mushe ya ɗora shi kan kiran suna, a ajin kuwa akwai wata yarinya Furera. Kullum ya zo kanta sai ya ce, "Mai sunan Inna." Mushen baƙo ne, bai ɗauki wannan a bakin komai ba sai taurin kai. Ya ce ya karanta abin da ke rubuce. Ya ƙi. Aka yi masa bulala biyar, ya ƙi. Aka ƙara biyar, ya yi kuka har da majina, amma sunan bai fito ba. Labarin ya riga shi isa gida. Mahaifinsa, Allah ya jiƙansa, ya ba shi zabuwa kyauta. Inna kuwa ranar ita da kanta ta dafa ruwan da aka gasa masa baya.

To, ranar sha bakwai ga azumi aka shirya rabo a filin wata lakwal ta cikin Tasawa da cutar ta sa aka rufe. Da sassafe aka aiko musu da takardun sunaye daga buro. Muddassir ne mai kira, Sakina mai miƙa kaya, Isma'il mai kula da layi. Yana buɗe takardar farko idonsa ya faɗa kan sunan ƙauyen da ke sama: Garin Jibo. Ya bi layin da yatsa yana addu'ar kada ya gani, ya kuwa gani. Lamba ta arba'in da uku.

Awa uku cur yake da su kafin a fara. A cikin awa ukun nan zai iya jan Sakina gefe ya faɗa mata gaskiya, ko ya ce maƙogwaronsa na ciwo a ba wani amsa-kuwwar. Bai yi ko ɗaya ba. Ya zauna yana lallashin kansa da cewa wataƙila ba za ta zo ba, ƙafa na damunta, ga rana, ga azumi. Ya san sarai dokar furojen ta ce sai mai suna ya zo da kansa, don shi ya buga takardar dokar.

Wajen ƙarfe tara amalanken jakai suka fara isowa. An riga an aika ƙauyuka cewa duk wadda ba ta rufe baki da hanci ba, ba za ta shiga ba. Wasu suka ja bakin mayafi suka ɗaure, wasu suka sayi na teloli a bakin ƙofa, wasu biyu ma ɗaya suka saya suka ce za su yi karɓa-karɓa, sai da Sakina ta ba su na jakarta. An zana da'irori da toka a ƙasa, taku biyu tsakani, kowace tsohuwa ta zauna cikin tata da ladabi.

Isma'il ne ya zunguri Muddassir da gwiwar hannu.

"Mon frère, ɗan'uwa, dubi can, layi na ukku. Wallahi sabon yayi ya iso daga Faransa!"

Muddassir ya duba. Can nesa wata tsohuwa ce ta rufe fuska da wani ƙyallen saƙi mai kauri, baƙi-baƙi, tun daga ƙarƙashin ido har wuya. Igiyarsa ta kaba ce, an tufka ta, an zagayo da ita ta bayan kai an ɗaure a kan kallabi. Wani ɓangaren ƙyallen ya sauko ƙasan haɓa yana reto kamar gemun bunsuru. Muddassir ya yi dariya. Wannan kam babu yadda za a kankare shi: ya yi dariya, har da dafa kafaɗar Isma'il.

Sai tsohuwar ta juya don ta gyara zama, rana ta haska ƙyallen. Akwai jan zare guda da ya ratsa tsakiyarsa, a gefe kuma wata ƴar ƙuna mai kamar ƙwayar gyaɗa. Nan take dariyar ta yanke. Ya san ƙyallen nan kamar yunwar cikinsa. Majanyi ne, wanda Inna ta goya shi da shi, ta goya ƙannensa huɗu, sannan ta wanke ta ninke a ƙasan kwallarta ba ta bari kowa ya taɓa. Ƙunar ma shi ya yi ta, da bakin wuta, yana shekara huɗu.

Kafin Muddassir ya ankara Isma'il ya isa gabanta da wayar salula a hannu.

"Iya, tashi tsaye. Ɗago kai. Yawwa, dubo nan."

Inna ta ɗauka hoton yana cikin aikin hukuma. Ta dafa ƙasa ta miƙe da ƙyar, ta gyara zane, ta sauke hannuwa a gefe, ta tsaya ƙyam yadda ake tsayawa in za a yi hoton katin ɗan ƙasa. Da ya gama har ta ɗan rusuna ta ce, "Na gode, mushe." Isma'il ya dawo yana riƙe ciki. Muddassir yana tsaye bayan tebur, taku ashirin tsakaninsa da ita, ya sunkuyar da kai yana jera takardun da ke jere tun ɗazu.

Aka fara kira. Sunayen duk ya san masu su. Wannan ta taɓa ba shi ƙuli-ƙuli, waccan ta taɓa korarsa daga kan magaryarta. Ya ja hular ƙasa, ya shaƙe murya, yana kira suna zuwa. Kowace ta zo sai ya kama babban yatsanta da hannunsa mai safar roba, ya dangwala a tawada, ya danna a takarda, ta wuce wajen Sakina. Babu wadda ta gane shi. Su dai sun ga mushe mai tabarau, kuma mutumin ƙauye ba ya ƙura wa ma'aikaci ido.

Talatin da tara. Arba'in. Gumi ya jiƙa takunkumin har yana manne masa a leɓe. Arba'in da ɗaya. Arba'in da biyu.

Ya sauke amsa-kuwwar daga bakinsa.

Hanya na nan buɗe, ko yaro ya san ta. Ya ajiye amsa-kuwwar, ya taka zuwa layi na uku, ya durƙusa ya ce, "Inna, taso." Shi ke nan. Isma'il zai ji kunya ya goge hoton. Sakina za ta tambayi ina Hajiyar Mayahi mai atamfa, ya sha kunyar yini ɗaya, gobe a manta. Duk wannan ya gani a zuciyarsa filla-filla. Amma ya ga dariyar da ya yi, ya ga igiyar kabar, ya ga yadda za a riƙa ba da labarin a buro har bayan kwantiraginsa ya ƙare.

"Mushe, layi ya ɓace maka ne?" in ji Isma'il. "Rana hwa na yi."

Muddassir ya ɗaga amsa-kuwwar. Yaron da ya sha bulala goma bai faɗa ba, yau babu bulala, babu mai tilasta masa.

"Furera Hashimu."

Amsa-kuwwar ta yi ƙara, ƙarshen sunan ya ɓace. Babu wadda ta motsa.

"Ba su ji ba," in ji Sakina. "Maimaita."

Ya maimaita. Wannan karon sunan ya fita tas, ya bugi bangon azuzuwan ya dawo masa.

Inna ta miƙe. Ta taho a hankali tana ɗan jan ƙafar hagu, gemun ƙyallen yana reto, wasu ƴan mata masu talla a bakin ƙofa suna ƙunshe dariya. Ta tsaya gaban tebur. Ba ta kalli fuskarsa ba, amma wannan ba ya nuna komai, don ba ta taɓa kalla ba. Ta miƙo hannu. Ya kama yatsan, busasshe, farcen ya tsage wajen ɓarar gyaɗa. Ya dangwala, ya danna.

"Sannu da aiki, mushe," ta ce. "Allah shi yi albarka."

Da a ce ya amsa da amin ma, da sauƙi. Tsoro ya kama shi kada ta ji Hausarsa kusa da kunnenta, sai ya ɗaga kai ya dubi bayanta, ya ce da Faransanci, "Suivante!" Ma'ana mai bi mata ta matso. Inna ta wuce. Sakina ta ɗora mata bokitin a kai, Inna ta fita ta ƙofar da ta shigo ba ta waiwayo ba.

Kafin azahar hoton ya shiga zauren WhatsApp na ma'aikata, ana ta jera masa fuskokin dariya. Suna tattara tebura Sakina ta karɓi salular Isma'il ta ƙura wa hoton ido, ba ta yi dariya ba.

"Kai dai ba ka da ta ido," ta ce masa. "Dubi ɗinkin nan, da hannu ta yi shi. An ce mata doka, ta bi doka da abin da take da shi. Mu da aka ba mu kyauta ga naka nan a haɓa. Ni wallahi kakata ta tuna mini." Ta juyo. "Ko ba haka ba, Muddassir?"

Nan ma ƙofa ce aka sake buɗe masa. Ya ce, "Haka ne," ya ɗauki kujeru biyu ya yi gaba. Abin da ya fi cin ransa shi ne ganin cewa ƙaryar ma tun farko ba a bukace ta ba.

Ranar bai iya shan ruwa da kirki ba. Ya kai ƙoƙon kunu baki ya ajiye. Kwana huɗu yana kafa wa kansa hujja ɗaya: ba ta gane shi ba. Ga takunkumi, ga tabarau, ga hula, ga safar hannu. Amsa-kuwwa tana sauya murya. Idon Inna ma ya fara rauni, bara sai da aka kai ta likita. Ba ta san a wane furoje yake aiki ba, ita dai ta san yana Tasawa wajen masu takarda. In ya jera hujjojin sai ya ji sanyi, in ya ɗaga hannu zai yi kabbara sai ya ji sunan yana dawowa daga bangon lakwal da muryarsa.

Ran Juma'a ya ari moto ya kama hanya. Yana wuce Maijirgi ya tsaya, ya cire takunkumin da tabarau ya cusa a aljihu, ya bi turbar yashi zuwa Garin Jibo da zanen kumatunsa a fili.

Ya tarar da Inna a inuwar bishiyar bedi a tsakar gida tana ɓarar gyaɗar iri, ita da maƙwabciyarta Gwaggo Marwa, wadda bakinta ba ya azumi. Sabon bokitin furoje na gefe, an rufe shi da faifai don kada ya yi ƙura. Ya cire takalmi ya durƙusa daga nesa ya gaishe su. Inna ta amsa tana kallon gyaɗarta, ta ce wa kaji, "An sha hanya da rana haka."

Gwaggo Marwa kuwa kamar jira take.

"Yawwa, ɗan Tasawa! Munka je garinku, ba ka ji ba? Anka ba mu sabuli da bokiti, Allah shi saka. Amma wani yaro anka sa kiran suna, kai, ban taɓa ganin marar ta ido irinshi ba! Sa'o'in kakarshi, shina kiranmu gatsal da ƙaton lasifika, ko 'iya' babu. Uwarka ma sau biyu ya kira ta, gari dut na ji. Ni kuwa na ce, wanga ko ɗan wa ne? Tsawonku guda da shi. Halan ka san shi?"

Muddassir ya buɗe baki.

"Ina zai san shi?" in ji Inna, ba ta ɗago ba. "Baƙi ne, daga Yamai anka kawo su. Ɗan mutane aikinshi ya yi. Mi ya san mu da shi?"

Wani sanyi ya sauko wa Muddassir tun daga kai har ƙafa. Ba ta gane ba! Har ya fara yi wa Allah godiya a ransa, sai ya ji ƙyamar kansa ta taso masa, don ya ga abin da yake murna a kai. Ya zauna a gefen tabarma ya ja gyaɗa yana taya su ɓara, yana fasa ƙwaya fiye da yadda yake fitarwa.

Da la'asar ta gabato Gwaggo Marwa ta kakkaɓe zane ta tafi ɗora sanwa. Gidan ya rage su biyu. Muddassir ya yi niyyar ya faɗa. Ya tsara maganar tun a hanya, ya san ta inda zai fara. Amma tunda ba ta sani ba, in ya faɗa ai shi zai sa mata ciwon da ba ta da shi. Haka ya ce wa kansa, kuma ya san rabin wannan tausayi ne, rabi tsoro.

"Inna," ya ce.

Ta dafa gwiwa ta miƙe ta shiga ɗaki. Ya ji ƙarar murfin kwalla. Ta fito da wani abu ƙunshe a leda, ta ajiye a kan tabarma tsakaninsu, ta koma wurinta ta ja ƙwaryar gyaɗa.

"A ba yaron nan," ta ce wa iska.

Ya kwance ledar. Ɗaya rabin majanyin ne. Ga jan zaren nan ya ratsa tsakiya. An yanka shi daidai fuskar namiji, an kalmashe bakinsa da ƙananan ɗinki a jere, babu gemu, babu abin da ke reto. Igiyarsa ba kaba ba ce, roba ce mai laushi irin ta teloli, wadda sai an je kasuwar Maijirgi ake samu. Ashe mai kyan ta fara yi, ragowar ta ɗaura wa kanta.

"Rediyo ya ce cutar ta hi kama mutanen birni," in ji Inna, tana ɓara. "Ran nan da shi na tahi, ƙulle ga bakin zane. Na ce in anka gama rabo in yi tambaya inda yake, in ba shi." Ta fasa wata gyaɗar, ta hure ɓawon. "Sai na ga shina cikin manyan mutane, na ce ba yau ba."

Muddassir ya dubi ƙyallen da ke hannunsa. Ya so ta zage shi. Ya so ta ɗauki muciya. Ya so ko sau ɗaya ta kama sunansa gatsal a gaban gari, su zama sun yi daidai.

"Inna, don Allah ki..."

"Ninki ukku na yi mishi," ta ce, kamar ba ta ji ba. "Wancan shuɗin na Nasara bai da kauri. Dut murya na hita."

Ta ci gaba da ɓararta. Kaji suka matso suna tsattsagar ɓawo a kusa da ƙafarsa. Muddassir ya daɗe riƙe da ƙyallen, yana jin ƙamshin ƙasan kwallarta a jikinsa. Babu kowa a gidan sai su biyu, babu jandarma, babu doka. Ya ɗaga shi ya ɗaura, ya ja shi sama har ƙarƙashin ido, don ba shi da wani wurin da zai sa fuskarsa.